Gadin Kujerar Dakta

Litinin, da hantsi

Likita ta ce tunda ba na magana, in rinƙa rubutawa. Ni da ake kira rediyon layi a kasuwa, wai ni ce ba na magana. To, ga shi ina rubutawa.

Yau ma maigidana bai tashi ba. Na ajiye masa shayi a bakin gado, na ce Dakta, rana ta yi fa. Ya ce to. Fuskarsa na bango. Da na dawo shayin ya huce yana nan yadda na bar shi.

Dakta ba sunansa ba ne, kuma bai zama ba tukuna. 'Yan layinmu ne suka laƙaba masa tun shekarar da ya fara digiri na uku, ni kuma na tashi daga mai gwanjon kayan yara na koma Matar Dakta. Na karɓi sunan hannu bibbiyu. Kaya bai iso ba, mun riga mun yi tallarsa.

Jiya wayarsa ta yi ta ƙara har na ɗauka. Abokin karatunsa ne, wanda teburinsu ke jere, ni Mai Sauro nake ce masa saboda a kan sauro yake bincikensa. Ya yi ta kwana-kwana. Na ce ƙanena, faɗi kanka tsaye, wannan watan ba labarin da zai ba ni tsoro. Sai ya faɗa. Dokoki biyu ne. Ta farko wa'adi: shekara bakwai ake ba mutum, in ta cika bai gama ba, sunansa ya fita, ta Dakta kuma ƙarshen wannan zangon take cika. Ta biyu zama: a zangon ƙarshe dole ɗalibi ya kasance a jami'a da jikinsa, a gan shi a ɗakin nazari, ba wai ya ce yana gida yana rubutu ba. In bai zauna ba, ko ya kai kundin ba za a karɓa ba.

Na ce wa ke dubawa? Ya ce Farfesa, mai kula da duk 'yan digiri na uku. Ba ta kiran suna, ba ta sa a sa hannu. Tana wucewa ne kawai ta leƙa ta ga wa ke nan. A ƙarshen zango bakinta ne zai ce wane ya zauna, wane bai zauna ba.

Na ce leƙe kawai?

Ai wannan dokar layinmu ce aka sa mata babbar riga. A wurinmu in ka bar rumfa a rufe ta daɗe, shugaban layi ya ba wani. Shi ya sa in mutum ya yi tafiya muke buɗe masa, mu rataya kaya biyu, mu ajiye takalmi ƙarƙashin benci, mu bar ruwa rabin gora. Duk wanda ya tambaya, yanzun nan ya zaga. Na yi wa mutane wannan gadin ba iyaka, ba a taɓa kama ni ba.

Gobe zan je in ga wurin.

Talata, bayan la'asar

Likita ta ce kada in hau bene tukuna. Ba ta ce har da na jami'a ba.

Na huta a kowane hawa ina yi kamar ina karanta sanarwar da ke bango. Ɗakin dogo ne, tebura a jere, kowanne da katako tsakaninsa da na maƙwabci, kamar rumfunanmu, sai dai nan ba mai kiran mai saye. Fanka ɗaya na ƙara, ɗaya ta mutu. Akwai wata takarda a jikin ƙofa a kan wayoyi. Ban tsaya karanta wannan ba.

Teburinsa yana yadda ya bar shi ranar da aka kai ni asibiti. Kujerar ta ja baya a karkace, kamar an tashi daga kanta da gudu. Littafi a buɗe. Biro a ƙasa. Kofinsa kuwa, Allah Ya kyauta, shayin ciki ya bushe ya yi gashi, ba a ma ganin farin kofin. Na kai shi famfo na dirje shi da yatsa da ƙasa har ya dawo hayyacinsa.

Na fito da kayan aiki daga jaka: hularsa ta biyu, tsohon tabaraunsa, silifas ɗinsa na wanka. Hula a kan littafi, tabarau a gefe a buɗe, silifas a ƙarƙashi, ɗaya a kife. Na zuba shayi daga fulas rabin kofi.

Mai Sauro yana kallona baki buɗe. Ya ce Anti, in aka gane fa har ni sai ta shafa. Na ce ba abin da za ka yi, in an tambaye ka ka ce ka ga hularsa. Ƙarya ka yi? Ya ce a'a. Na ce to ka gani, ni ba na sa yaran mutane ƙarya, ni nake ɗaukar abata.

Na koya masa ka'idar: kada abu ya kwana inda ya wuni. Kada a ce mutum ya yi nisa. Kada a maimaita uzuri ɗaya a jere.

Ciwon ɗinkina ya taso a mota wajen dawowa. Na cije.

Laraba, da yamma

Bai tashi ba. Na je, na dawo.

Alhamis, da azahar

Mai Takalma ta kira, maƙwabciyata ta rumfa. Ta ce tana buɗe mini kullum, amma mutane suna zuwa suna tambayar kaya, ita kuma ƙafa ta sani, ba ta san rigar ɗan wata uku da ta ɗan wata shida ba. Ta ce shugaban layi ya tambaya, ta ce masa na zaga. Na ce Allah Ya biya ki, ashe kin iya karatun.

Sai ta rage murya ta ce in ina so za ta ɗaure dilar nan ta ƙananan kaya ta tura can ciki, don kada in na dawo idona ya fara sauka a kai.

Na ce mata layin ba ya da kyau, ba na jin ta.

Jumma'a, da la'asar

Na ga Farfesa.

Na zaci wata ƙatuwa ce mai ƙamshin turare da takalmi mai ƙwas-ƙwas. Ashe wata 'yar tsohuwa ce siririya, takalminta shafaffe, jakarta ta fi ta nauyi. In ta shigo layinmu ba wanda zai tashi ya tare ta. Irin waɗannan su ne ake tsoro, su ne ke juya riga su duba ɗinkin ciki.

Ina cikin juya shafin littafin sai ɗakin ya yi tsit fiye da yadda yake. Ta tsaya a kaina. Ta ce yana ina? Na durƙusa kaɗan na ce ranki ya daɗe, yanzun nan ya sauka laburare, abinci na kawo masa. Ta dubi hular, ta dubi tabarau, ta dubi kofin. Kofin ta fi daɗewa a kai, na ji daɗi da na wanke shi, da an ji kunya.

Ta ce ke ce matar tasa? Na ce ni ce. Fuskata ta kalla. Tun da na fito daga asibiti kowa sai ya fara kallon cikina sannan ya ɗauke kai da sauri. Ita fuskata kawai ta kalla. Ta ce ki gaishe shi. Ta wuce.

Mai Sauro ya sauke numfashi kamar shi ya hau benen. Na ce ka gani? An saya ba a ko taya ba.

Asabar, da safe

Ba a zuwa jami'a yau. Ya kamata in leƙa kasuwa. Na sa mayafi, na zauna a bakin gado, na cire.

Lahadi, da yamma

Na faɗa masa abin da nake yi. Na ba shi labarin da gishiri, na kwaikwayi tafiyar Farfesa, na kwaikwayi idon Mai Sauro. Da can da ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ke dai Allah Ya shirye ki.

Yau bai yi ba. Sannan ya ce, kin zauna a kanta? Na ce a kan me? Ya ce kujerar. Na ce to a ƙasa zan zauna?

Ya ce, "Kin ga takardar da ke jikin ƙofa?"

Na ce ban lura ba.

Ya ce, "A kashe waya a ɗakin nazari. Ni kaɗai nake bin dokar nan a duk ɗakin. Ranar ma na bi ta."

Na ce shinkafa na kan wuta. Na tafi kicin. Ba komai a kan wuta.

Talata, da hantsi

Uzurin yau, a wajen mai kwafe takardu yake. Jiya ɗakin gwaji. Gobe sai in tura shi asibitin makaranta da ciwon haƙori, Allah Ya yafe mini, ya fi kowa haƙora masu kyau.

Na jera masa littattafan da suka yi kaca-kaca, manya a baya, ƙanana a gaba, yadda ido zai ji daɗi. Na wanke kofi, na zuba sabon shayi, na kurɓa don a ga alamar baki.

Laraba, bayan azahar

Aikin bai wuce na ɗan lokaci kaɗan ba, amma sai in ga na kai la'asar a wurin. Ina ce wa kaina don in tare Farfesa ne in ta zo.

Wurin akwai shiru. Ba wanda ya san ni. Ba mai zuwa ya riƙe hannuna ya karkace kai ya ce sannu, sannu, sannu fa, da wannan fuskar da suke yi. Kowa kansa a ƙasa, kowa da nasa wa'adin a wuya. Akwai wata can ƙarshen ɗaki da ke kuka a hankali a kan kwamfuta, ba wanda ya ɗaga kai. Na ce wannan wuri sun san mutunci.

Na fara karanta abin da nake juyawa. A kan yadda ruwa ke cin ƙasa yake bincike, yadda kwazazzabo ke farawa daga 'yar tsaga har ya cinye gona. Kusan shekara bakwai yana gaya mini, ina cewa uhm ina ware kaya. Na gama sakandare, Turancina bai mutu ba, suma kawai ya yi. Rabi ina ganewa. A gefen shafi yana rubutu da fensir ƙanana-ƙanana, wani wurin gardama yake da mai littafin. A wani shafi ba gardama ba ce, sunaye ne guda uku na raɗa wa jariri ya jera, biyu na mata ɗaya na maza, ya ja layi ƙarƙashin ɗaya.

Na juya shafin.

Alhamis, da yamma

Barci ya ɗauke ni a kan teburinsa. Barci na gaske, irin wanda rabona da shi tun kafin asibiti. Mai Sauro ya tashe ni, ya ce Anti, in kika ci gaba haka ke za a ba digirin, kin fi rabinmu zama. Na ce a ba ni mana, ai na san ruwa na cin ƙasa, na san sauro na cizo, me ya rage?

Ya yi dariya, sai ya tambaya a hankali, jikin Yaya fa? Na ce da sauƙi. Haka ake cewa.

Asabar, da azahar

Yayarsa ta zo. Ta shiga ta yi masa faɗa, ta yi masa nasiha, ta yi kuka, ya ce to. Ta fito ta same ni ina wanki a tsugune, ta ƙwace bokitin. Ta ce ke wace irin mace ce, ke ya kamata a ce kina kwance ana kawo miki ruwa, shi ne kike yawon hawa bene saboda ƙato?

Na ce Yaya, kowa da yadda abu ke kama shi. Na kare shi tas, har ta ba ni haƙuri. Bakin kasuwa ne, ko kayan ya yage sai ka ce ado ne.

Da ta tafi na zauna a bakin famfo na daɗe.

Lahadi, da safe

Ni aka yi wa ɗinki. Shi ne a kwance.

Litinin, da la'asar

Mai Sauro ya ce Farfesa ta zo da sassafe kafin in iso, ta tsaya a teburin, ta ɗaga kofin ta leƙa ciki, ta ajiye. Ba ta tambayi kowa komai ba.

Na ƙara kaya. Na kawo wata hular, na zuba ɓurɓushin burodi a kan takarda, na bar biro ba murfi. Na rataya rigarsa ta sama a bayan kujera. Rigar tana ƙamshinsa na da, lokacin da yake fita. Na mayar da ita jaka, sannan na sake fito da ita.

Na gaji. Ƙafafuna sun kumbura. Zangon saura kaɗan, in na ja shi zuwa ƙarshe ta ce ya zauna, sai a san yadda za a yi da kundin. Babi ɗaya ya rage masa. Babi ɗaya. In ya tashi, mako biyu ya ishe shi, na san hannunsa.

In ya tashi.

Talata, da yamma

Na je, na dawo. Ya sha rabin shayin yau.

Laraba, da azahar

Mai Takalma ta ce shugaban layi ya daina yarda da zagawar nan, wai wace irin zagawa ce ba a dawowa. Wani mai rigunan waya ya fara zuwa yana kallon gaban rumfata yana auna ta da ido. Ta ce ƙawata, ni fa na yi iyakar yina, takalminki da na ajiye ƙarƙashin benci har ƙura ta rufe shi.

Na ce ai laifinki ne, na ce miki kada abu ya kwana inda ya wuni.

Ta ce, ke dai ki zo. Ba sai kin taɓa komai ba, ki zauna kawai.

Na ce ina da aiki a jami'a. Ta ce to Matar Dakta.

Alhamis, bayan la'asar

An kama ni. Bari in rubuta shi yadda ya faru.

Ina tsaye a famfo ina ɗauraye kofin sai na ji murya a bayana, in kin gama ki same ni a ofis. Ofishinta a ƙarshen barandar yake, sai ka wuce ƙofar ɗakin nazari. Na tafi ina shirya uzuri kala uku a hanya, na zaɓi na haƙori.

Ba ta bar ni na buɗe baki ba. Ta nuna mini kujera mai laushi, ta ce wannan, ba waccan ba, waccan tana da tauri. Ta zuba mini shayi da hannunta. Sannan ta miƙa hannu na ba ta kofin, ta juya shi a haske.

Ta ce, "Kusan shekara bakwai mijinki yana ɗakin can. Ban taɓa ganin cikin kofin nan fari ba. Na yi masa magana har na gaji, yana cewa daɗin shayin a nan yake. Ranar da na leƙo na gan shi yana ƙyalli, na san ba ya zuwa."

Wato tun ranar farko. Duk hulunan nan, duk ɓurɓushin burodi, duk ciwon haƙorin da na ɗora wa bawan Allah. Ni da nake cewa an saya ba a taya ba, ashe ni aka saya.

Na ce ranki ya daɗe, to me ya sa kika bar ni ina ta wahala ina hawa bene?

Ta ce, "Na ga kina bukatar wurin zama."

Ban sami abin cewa ba. A rubuta wannan, ya faru sau ɗaya a rayuwata.

Ta ce ta san abin da ya faru, ita ce ta shiga ɗakin ranar ta ce masa ana nemansa a wayar ofis. Ba ta ƙara komai a kai ba, ba ta karkace kai ba. Ta ce amma ba za ta ce ya zauna ba, domin bai zauna ba, kuma ba ta taɓa faɗin abin da ba ta gani ba a kan ɗalibi, ko don a taimake shi ko don a kayar da shi. Na ce to shi ke nan, shekara bakwai ta bi ruwa. Ta ce akwai hanya ɗaya. Ana jingine karatu. In ɗalibi ya nema kafin zango ya ƙare, sai a tsayar da wa'adin shekara guda, in ya dawo ya sake zaman zangon daga farko. Amma shi zai zo da ƙafarsa, ya faɗa da bakinsa a gabanta. Ranar Jumma'a ta sama zango ke rufewa.

Sai jinin kasuwa ya motsa. Na ce in ni na faɗa a madadinsa fa, ai ni da shi ɗaya ne. Ta ce a'a. Na ce ta waya? Ta ce a'a. Na ce to in kawo shi bakin ƙofar makaranta ki sauko, kada ya hau nan, kada ya wuce ɗakin can. Ta ce ofishinta a nan yake. Na ce haba ranki ya daɗe, ko a kasuwa ana ragi.

Ta ɗan yi murmushi. Ta ce, "Wanda bai iya wuce ƙofar nan ba bana, baɗi ma ba zai iya zama a ciki ba. Ba don in wahalar da shi ba ne."

Ta miƙo mini kofin. Na mayar da shi teburinsa, na bar hula da tabarau da komai yadda suke. Na ce wa Mai Sauro an tashi kasuwa. Ya ce Anti, wallahi ba ni na faɗa ba. Na ce na sani, tsabtata ce ta faɗa.

Makonnin nan duka iska na yi wa gadi.

Jumma'a, da safe

Ban je ko'ina ba. Jikina kamar an daka.

Asabar, da yamma

Na zauna a bakin gadon na faɗa masa duka, ba gishiri wannan karon. Jingina, ƙafarsa, bakinsa, Jumma'a. Ya ce to.

Na ce kada ka ƙara ce mini to. Na ce na gaji, Dakta, na daina zuwa, kowa ya yi gadin kujerarsa.

Sai na faɗi ɗayar maganar. Na ce, "Ko wayarka a kunne take, ko a gabana kake a tsaye, ba abin da zai canja. Tun kafin in fara kiranka ɗan da ke cikina ya riga ya koma. Likita ta faɗa mini."

Ya juyo. Rabon da in ga fuskarsa gaba ɗaya har na manta ya rame haka. Ya ce yaushe ta faɗa? Na ce tun a asibiti. Bai tambaye ni me ya sa sai yau ba. Gara da bai tambaya ba. Ban san dalili ba.

Na sani. Haushinsa nake ji.

Ya riƙe bakin zanena, bai saki ba. Har aka kira magariba.

Litinin, da hantsi

Ya yi wanka. Ya koma ya kwanta.

Laraba, da yamma

Na goge masa riga na rataya a jikin ƙofa. Ban ce komai ba. Ya gani, bai ce komai ba. Mun zama gidan kurame.

Alhamis, da azahar

Rigar tana nan.

Jumma'a, bayan magariba

Da safe na tsaya a kansa da niyyar in ja shi ko da ƙafa ne. Na san zan iya, na taɓa fitar da ƙato daga rumfata da kunne. Sai na tuna maganar tsohuwar nan. Na ajiye shayi, na ce na tafi kasuwa. Ya buɗe ido ya dube ni. Na fita kafin in canja ra'ayi.

Layin yana nan yadda yake, da warinsa da hayaniyarsa. Sun yi mini sannun, sun karkace kan, na tsaya na karɓa, ashe ba ta kisa. Mai rigunan waya ya gan ni ya canja hanya. Na ce wa shugaban layi na dawo daga zagawar, ya ce lallai kin zaga da nisa. Mai Takalma ta riga ta tura dilar can ciki duk da ban ce mata ba. Na jawo ta da kaina na kwance. Na jera kayan a gaban rumfa.

Wata yarinya ta zo, cikinta ya tsufa, na fari ne daga ganin yadda take taɓa kaya. Ta ɗauki wasu 'yan safa. Na ce mata ba waɗannan ba, robarsu tana matse ƙafa, ɗauki waɗancan. Na ƙara mata hula kyauta. Da ta tafi Mai Takalma ta miƙo mini ruwa ba ta dube ni ba, Allah Ya yi mata albarka.

Duk wunin ban kira shi ba. Ban kira Mai Sauro ba. Wayar tana cikin jaka, a kunne.

Na dawo gida na tura ƙofar ɗaki. Yana kwance, fuskarsa na bango, kamar kullum. Na ce a raina shi ke nan, Matar Dakta, a koma mai gwanjo. Ban ji haushi ba ma, gajiya ce kawai ta sauko mini har ƙafa. Na wuce kicin in sha ruwa.

A kan tebur ga hula biyu, ga tsohon tabarau, ga silifas a leda. Ga kofin. Akwai guntun shayi a ciki, ya fara yin zobe a jikinsa.

Na koma na tsaya a bakin ƙofa. Sai a lokacin na lura rigar da na goge a jikinsa take, duk ta yamutse.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "An jingine. Shekara guda."

Na ce ka shiga ɗakin?

Ya ce ya zauna kaɗan. Mai Sauro ya ba shi shayi. Sai ya ce, "Wa ya ce miki ana jera littattafai bisa tsayi? Kamar rumfar gwanjo."

Na ce rumfar gwanjon ce ta riƙe maka wurin. Ya ce Farfesa ta ce ba ta riƙe ba. Na ce to ku je can ku da dokarku.

Kafaɗarsa ta ɗan motsa. Ban rantse dariya ce ba.

Asabar, da safe

Zan fita kasuwa. Ya tashi zaune, yana shan shayi a cikin kofin nan, a kan na jiya.

Hannuna yana ta ƙaiƙayi. Ban wanke ba.